Ina ƙarfin gero yake ɓuya kafin ya iso damtse?

Manomin_Gujungu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya muka fita huɗa ni da ƙanena tun bayan asuba. Kafin hantsi ya yi nisa garma ta yi mini nauyi, gwiwoyina suka fara rawa. Aka kawo mana fura, muka sha a gindin darbejiya, ba a yi rabin awa ba na ji na dawo daidai. Ƙanen nawa yana aji biyu na babbar sakandare, sai ya ce mini ba furar ce take ɗaga garmar ba, wai wani abu ne da ake kira ATP. Na ce ya fahimtar da ni, sai ya karanto mini abin da ya haddace, ban gane komai ba. To ku da kuka sani, a ina ƙarfin gero yake zama, kuma ta yaya yake tasowa daga ƙwarya ya iso damtse? Sannan in jiki yana ajiye ƙarfi, me ya sa nawa ya ƙare tun kafin azahar, alhali da daddare na ci tuwo na ƙoshi?

Malam_Ringim:
Wa alaikumus salam. Ƙanenka bai yi kuskure ba, daga ƙarshen labarin ya fara maka. Jikinmu an gina shi ne da wasu ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani, a aji muna ce musu sel. Kowace ɗaya tana aiki dare da rana, kuma kowane aiki sai an biya. Ita kuwa sel ba ta karɓar gero a matsayin biya.

Ka ɗauka ka shiga kasuwar Gujungu da buhun gero a amalanke, kana son ƙosai. Mai ƙosai ba za ta ɗebi gero ta ba ka ƙosai ba. Sai ka sayar, ka karɓi kuɗi, ka nemi canji. Haka abin yake a jiki. Abin da ke cikin gero sitaci ne, shi kuma sitaci dogon zare ne na sukarin da ake kira gulukos, an ƙulla ɗaya bayan ɗaya. Tun daga yawun baki ake fara tsinka zaren, a ƙarasa a hanji, gulukos ya shiga jini, jini ya raba wa sel. A cikin sel ake farfasa gulukos a hankali, mataki-mataki, ƙarfin da ya fito a yi ATP da shi. ATP shi ne canjin. Yana ɗauke da guntayen wani sinadari da ake kira fosfet guda uku a jere. In tsoka za ta motsa, sai a cire na ƙarshen, ya koma ADP mai fosfet biyu, wannan sauyin ne yake biyan kuɗin motsin. Daga baya a sake ɗaura masa na ukun da ƙarfin abinci.

Mai_Cajin_Waya:
Malam, ke nan batir ne? Domin abin da ka bayyana shi nake yi kullum a shagona. A kawo waya ta mutu, in saka a janareto, ta cika, a tafi da ita, gobe a dawo da ita.

Malam_Ringim:
Kwatancen ya yi, amma batirin da ba ya riƙe caji ko na minti ɗaya. ATP ɗin da ke cikin tsokarka, in ka zabura da gudu iya ƙarfinka, daƙiƙa biyu zuwa uku zai yi ya ƙare in ba a sabunta shi. Duk ATP ɗin da ke jikin babban mutum a lokaci guda bai kai rubu'in kilo ba. Amma a yini da kwana, abin da jiki yake sabuntawa yana kai kusan nauyin shi kansa mutumin.

Ɗan_Kazaure77:
A nan ne ban yarda ba. Ni kilo 65 nake. Ta ina zan ƙera kilo 65 na wani abu a rana ɗaya, alhali abincin da nake ci bai kai kilo 2 ba?

Hauwa_Agric:
Yaya Ɗan Kazaure, guga ɗaya ce a rijiyar gidanku, amma da ita ake cika randa, a cika duro, a shayar da dabbobi. In aka lissafa ruwan da ta ɗauko a yini, ya ninka nauyinta sau ɗari. Ba sabon ATP ake ƙerawa daga tushe ba kowane lokaci, wanda ya zama ADP ne ake maido shi, ya sake fita, a sake maido shi, sau ɗaruruwa a rana. Jimillar zuwa da dawowar ne ya kai nauyin mutum.

Ɗan_Kazaure77:
To yanzu na gane. Na ɗauka tara shi ake yi.

Nas_Hadejia:
Ni tambayar Manomi ta biyu zan taɓa, don ita ce ba a amsa ba. Jiki yana da ajiya, amma ba iri ɗaya ba ce. Akwai ta kusa, ana ce mata gilaikojin, shi ma gulukos ne aka ƙuƙƙulla kamar sitaci. Hanta tana riƙe da kamar giram 100, tsokoki gaba ɗaya kamar giram 400 a babban mutum. Tuwon da ka ci da daddare wani ɓangarensa ya shiga nan. Sai dai tsawon dare kana barci hanta tana ta sakin nata cikin jini, saboda ƙwaƙwalwa ba ta hutu. Nauyinta kashi 2 ne kawai cikin 100 na jiki, amma tana cin kusan kashi 20 na ƙarfin da jiki yake kashewa in mutum yana zaune. Ka tashi da asuba ajiyar hanta ta riga ta ragu, ka ɗauki garma ba ka karya ba. Na tsoka kuma tsokar da ta ajiye ce kawai take amfani da shi, ba ta iya mayar da shi jini don wani sashe ya samu.

Ka ƙara da gumi. Wani ɓangare na rawar gwiwar nan ƙishirwa ce. Fura ta ba ka ruwa, ta ba ka sukarin nono, in an sa mata sikari ya shiga jini nan da nan, geron kuma ya biyo baya a hankali. Irin wannan ne muke ji da azumi in an sha ruwa da dabino.

Manomin_Gujungu:
Allah ya saka da alheri, Hajiya. Gaskiya ba mu karya ba, sauri muke yi kafin ƙasa ta bushe.

Jauro_Dambatta:
Ita ɗaya ajiyar fa, kitse ke nan ko? Mu a wajen shanu muke ganin abin ƙarara. Da kaka in sun ci harawa da kara, tozon sa yana tsaye, ƙugu ya cika. In rani ya yi nisa, wajen watan huɗu zuwa biyar, sai ka ga tozo ya kwanta, haƙarƙari ya fito ana ƙirgawa. San yana tafiya, yana jan amalanke, amma jikinsa yake ci.

Hauwa_Agric:
Haka ne, Baffa. Kitse shi ne babban rumbu. Giram ɗaya na kitse yana ba da kalori 9, na sitaci ko sukari 4. Sannan gilaikojin ba ya zama sai da ruwa, kowane giram yana riƙe kamar giram 3 na ruwa, kitse kuwa kusan a bushe yake zama. Shi ya sa dabbar da za ta yi doguwar tafiya da kitse take guzuri. Tozon raƙumin da kuke gani a Maigatari ran Alhamis kitse ne, ba ruwa ba ne kamar yadda ake gaya wa yara. Tsirrai ma haka: gyaɗa da riɗi kusan rabin nauyin ƙwayarsu mai ne, guzurin da uwa ta ɗaura wa tsiro kafin ya fito ya ga rana.

Aibin kitse ɗaya, jinkiri. Fito da shi a mai da shi ATP yana ɗaukar lokaci kuma sai da iskar oksijin mai yawa. Yana riƙe mai tafiyar ƙasa, amma mai huɗa da sauri yana buƙatar gulukos a haɗa masa.

Sarkin_Dambe_Bichi:
Mu fa da muke shiga fili? Turmi ɗaya in aka yi zafi, ba a minti guda sai ka ji hannu ya mutu, numfashi yana fita sama-sama. A ja baya a huta kaɗan, sai ƙarfi ya dawo ba tare da an ci komai ba.

Malam_Ringim:
Tsoka tana da wata ƙaramar ajiya ta gaggawa, fosfokiriyatin, wadda take miƙa wa ADP fosfet nan take. Daƙiƙa 10 ko kusa da haka take yi. Bayan nan tsoka takan fasa gulukos gida biyu ba tare da jiran oksijin ba. Hanya ce mai sauri amma ribarta kaɗan, ATP 2 kacal daga gulukos ɗaya. In an bi doguwar hanya da oksijin, a wasu 'yan ɗakuna na cikin sel da ake kira maitokondiriya, gulukos ɗin nan ɗaya yana ba da kusan 30. Hakin da kake yi bayan turmi, oksijin kake ja don a sake cika ajiyar gaggawar.

Ɗalibar_SS3:
Malam, a littafinmu 38 aka rubuta, kuma shi aka ce mu rubuta a jarrabawa. Wanne ne daidai?

Malam_Ringim:
'Yata, 38 tsohon lissafi ne da aka yi a takarda, a kan cewa babu abin da yake zubewa a hanya. Da aka auna sosai aka ga 30 zuwa 32 ne, don ana kashe wani abu wajen shigar da kaya cikin maitokondiriya. A jarrabawa ki bi abin da manhajarku ta ce, amma ki riƙe wannan a ranki.

Umman_Sadiya:
Ni ban yi boko mai nisa ba, amma maganar tsinka zaren sitaci ta tuna mini da kunun zaki. In na dama gasara da tafasasshen ruwa takan yi kauri sosai. Sai in bari ta ɗan huce, in zuba ɗanyen ƙullun da na niƙa da busasshen dankali, in rufe ya kwana. Da safe sai ka ga ya tsinke, ya yi ruwa-ruwa, ya yi zaƙi tun kafin a sa sikari, ga ɗan tsami. In na zuba ƙullun da zafi sosai ba ya tsinkewa. Kakata da tsiron dawa take yi. Wannan yana da alaƙa da abin da kuke faɗa?

Hauwa_Agric:
Umma, abin da kika bayyana shi ne darasin gaba ɗaya a cikin tukunya. A cikin dankali da tsiron hatsi akwai sinadarin da yake yanka sitaci ya zama sukari, ɗan uwan wanda ke cikin yawunmu. Ƙwayar dawa in ta jiƙa za ta tsira, shi take fitarwa don ta buɗe rumbunta ta ciyar da tsiron. Zafi mai yawa yana lalata shi, shi ya sa kike jira ta huce. Tsamin kuma aikin ƙwayoyin bakteriya ne masu amfani. Su ma ATP suke nema, suna fasa sukarin ta gajeriyar hanyar nan da Malam ya faɗa, abin da ya rage musu shi ne tsamin da muke ji a kunu da kindirmo.

Umman_Sadiya:
Ikon Allah. Shekara 20 ina dama kunu.

Alaramma_Gezawa:
Ina karantawa tun daga sama. Abu ɗaya nake so yaranmu su riƙe, kada a ce musu ATP ne yake ba da ƙarfi su manta da Wanda ya halicci ATP ɗin. La haula wa la ƙuwwata illa billah.

Malam_Ringim:
Allah ya gafarta Malam, babu saɓani. Sababi muke bayani, kamar yadda muke cewa ruwan sama ne ya fito da shuka. Ni dai duk lokacin da na koyar da wannan babin tsoron Allah nake ji ya ƙaru.

Injiniya_Wudil:
Gyara ɗaya zan yi, ba ga Malam ba, ga yadda ɗalibai suke haddacewa. Sukan ce ƙarfin yana ɗaure cikin igiyar fosfet ta ƙarshe, in an tsinka sai ya fito. Tsinka kowace irin igiyar sinadari cin ƙarfi take yi. Ribar tana zuwa ne don abin da ake samu bayan ruwa ya shiga tsakani, wato ADP da fosfet, sun fi ATP kwanciya. Fosfet ukun nan duk cajinsu iri ɗaya ne, suna tunkuɗar juna, kamar ka ɗaure raguna uku masu faɗa a turke ɗaya. Wani Bajamushe, Karl Lohmann, ya gano sinadarin a 1929, sai a 1941 Fritz Lipmann ya bayyana cewa shi ne abin da sel take musayar ƙarfi da shi.

Mahaucin_Maigatari:
Ina da tawa tambayar. In muka yanka dabba, naman da farko laushi gare shi, har wani wurin yana motsi. Bayan wasu awanni sai ya sandare. In ƙarfi ne ya ƙare, ai kamata ya yi ya saki, ba ya ƙage ba.

Nas_Hadejia:
Tambaya mai kyau, Sarkin Fawa. A cikin tsoka akwai zaruruwa iri biyu da suke kama juna su ja, su saki, su sake kamawa. Sakin ma sai da ATP. In rai ya fita, jini ya tsaya, oksijin ya daina zuwa, ATP ya ƙare, sai zaruruwan su kama juna su kasa saki. Shi ne sandarewar gawa, ta mutum ko ta dabba. Shi ya sa ake gaggauta rufe wa mamaci ido da miƙe masa gaɓoɓi.

Mahaucin_Maigatari:
Allah ya sa mu cika da imani. To akwai wani abu da mahaifina ya koya mini: bijimin da aka koro daga nesa ko aka wahalar wajen kayarwa, ba a yanka shi nan take, sai ya huta ya sha ruwa. In ba haka ba naman yakan yi duhu, ya yi danƙo a hannu, kuma ba ya jimawa yake juyawa. Na gwada na gani da idona, sau ɗaya na yi gaggawa da wani bijimi, kafin la'asar naman ya canza wari.

Hauwa_Agric:
Mahaifinka ya yi daidai. Wahalar ta cinye gilaikojin ɗin tsokar tun dabbar tana da rai. A dabbar da ta huta, bayan yanka gilaikojin yana komawa ɗan tsami a cikin naman, tsamin ne yake ba shi launi mai kyau ya kuma rage wa ƙwayoyin ruɓa sauri. In babu gilaikojin babu tsamin.

Jauro_Dambatta:
Tunda an zo kan dabbobi. Shekarun baya awakina uku suka shiga wata gona suka ci gyauron dawa, ɗanyen nan da ya sake tsirowa bayan girbi. Cikin ƙanƙanin lokaci suka fara haki, suna tangaɗi, suka faɗi. Biyu muka samu yankawa. Abin da ban manta ba shi ne jinin, ja ne jawur, ya fi na kullum haske. Har yau in na ga gyauro nakan kore garke da gudu.

Malam_Ringim:
Allah ya mayar da alheri, Baffa. Ƙaramar dawa, musamman gyauro ko wadda fari ya kama, tana ɗauke da abin da yake sakin gubar sayanaid a cikin tumbi. Ita ce kuma a rogo mai ɗaci, shi ya sa ake jiƙa shi a shanya. Don a gane abin da take yi sai an leƙa cikin maitokondiriya.

A can ciki akwai wani siririn bango. Ƙarfin da aka ciro daga abinci ana amfani da shi a tura wasu 'yan ƙwayoyi masu caji, furoton, zuwa bayan bangon, su taru kamar ruwa a bayan madatsa. Hanyar dawowarsu ɗaya ce, ta cikin wani ɗan inji da yake juyawa in sun bi ta cikinsa, kamar yadda ruwan Kainji yake juya injin wuta. Juyawar ce take ɗaura fosfet a kan ADP. Wani Bature ɗan Ingila, Peter Mitchell, ya kawo wannan bayani a 1961, masana da yawa suka ƙi yarda, sai a 1978 aka ba shi kyautar Nobel. Paul Boyer da John Walker kuma sun samu tasu a 1997 a kan yadda injin yake aiki. Oksijin yana tsaye ne a ƙarshen layin masu tura furoton, yana karɓar abin da ya sauko ya zama ruwa. Sayanaid tana toshe wannan mataki na ƙarshe. Sai ya zama oksijin yana nan cike da jini amma sel ta kasa amfani da shi. Jan jinin da ka gani ke nan.

Manomin_Kadawa:
Ke nan ƙwayar maganin da ake jefawa a buhun wake ita ma haka take kashe ƙwari?

Nas_Hadejia:
Tana daga cikin hanyoyin da iskar da take fitarwa take kisa, kuma ba ta bambanta ƙwaro da yaro. Don Allah kada a ajiye buhun da aka sa wa ƙwayar nan a ɗakin da ake kwana ko wanda ke jikinsa. Buhun nan mai leda biyu a ciki da ake ɗaurewa tam ya fi aminci. Ƙwarin da kansu suke shanye oksijin ɗin da ke ciki su mutu, ba tare da magani ba.

Hauwa_Agric:
Mun yi nisa, amma rabin tambayar farko tana nan: a ina gero ya samo ƙarfin tun asali. Daga rana. Ganye yana kama haske, ya yi nasa ATP ɗin da irin injin nan mai juyawa, ya yi amfani da shi ya haɗa iskar kabon dayoksaid da ruwa su zama sukari, a tura zangarniya a ajiye a matsayin sitaci. Gero, dawa, masara da rake suna da wata dabara ta tara kabon dayoksaid a cikin ganye da take sa su jure zafi da ƙarancin ruwa fiye da shinkafa da alkama. Harafin P na tsakiyar NPK, da takin supa da ake sa wa gyaɗa, fosfet ɗin nan ne dai na cikin ATP.

Ɗan_Kazaure77:
To in gona ba ta da fosfet, shukar tana ganin rana amma ba ta da abin ɗaukar ƙarfin?

Hauwa_Agric:
Yana daga cikin dalilan da take tsumburewa, saiwa ba ta tafiya, a masara har gefen ganye yakan yi shuɗi-shuɗi mai ja.

Manomin_Gujungu:
Na gode ƙwarai, na karanta wa ƙanena duka, ya kwafe na Injiniya a littafinsa. Yau mun sha koko da ƙosai kafin mu fita, mun kai azahar lafiya. Sai dai cinyoyina da bayana suna ciwo tun jiya da yamma. Ƙanen nawa ya ce tsamin nan ne da Hauwa ta ambata ya taru a tsoka.

Nas_Hadejia:
Ba shi ba ne. Wannan cikin awa ɗaya ko makamancin haka jini yake kwashe shi, hanta ta mai da wani gulukos, zuciya ma tana ƙona shi. Ciwon da yake zuwa bayan kwana ɗaya ko biyu 'yan ƙananan raunuka ne a zaren tsoka, saboda jiki ya daɗe bai yi huɗa ba tun bara. Zai lafa cikin 'yan kwanaki. In ka ga fitsari ya yi duhu kamar shayi, ko ciwon ya hana ka tafiya, ka je asibiti.

Sarkin_Dambe_Bichi:
Mu ma a gidan dambe tsami muke ce masa. Malam Ringim, in ka samu lokaci ka dawo kan ajiyar daƙiƙa 10 ɗin nan. Ana iya ƙara ta da atisaye, ko kowa da iya wadda aka haife shi da ita?